Safa a gindin gado: yadda Baba Kirsimeti yake ajiye kyauta a gidanmu

A Wusasa inda na tashi babu yaron da yake tambayar wanda ya kawo kayan Kirsimeti, domin duk a idonmu ake yin komai. Tun farkon Disamba Mama take kai mu kasuwar Sabon Gari a yanko atamfa, tela ya gwada mu, Baba ya dawo da takalma a leda, ya ƙara lamba ɗaya don ƙafa ta samu wurin girma. Ranar 25 ga wata mu sa sababbin kaya mu tafi coci, mu dawo mu tarar da shinkafa da miyar kaji da cincin, a ɗora mana kwanuka mu kai wa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke aiko mana da nasu ranar Sallah. Baba Kirsimeti kuwa zuwa ganinsa ake yi, ba shi yake zuwa gida ba. Iyaye su biya kuɗin shiga, ku bi layi, wani mutum mai jan kaya da gemun auduga ya miƙa muku balan-balan da alewa.

Da na zo Manchesta aikin jinya na yi aure, ban ɗauka akwai wani abin da zan koya game da wannan biki ba, sai ranar da 'yar farina, tana da shekara 4, ta dawo daga makaranta idonta cike da hawaye ta ce, “Mama, gidanmu ba shi da bututun hayaƙi, ta ina zai shigo?” A Ingila yaro yana kwanciya daren 24 ga Disamba da yaƙinin cewa wani tsoho, wato Baba Kirsimeti, zai shigo gida ta bututun hayaƙi yana barci ya ajiye masa kaya. Makaranta tana maganarsa, talabijin yana maganarsa, har mai sayar da burodi zai tambayi yaronki abin da ya roƙa. Surukata ce ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ta yi wa nata 'ya'yan. Na ɗauki abin da ya yi mini, na bar wanda bai yi mini ba, na ƙara nawa. Yanzu shekara 9 ke nan, yara sun zama uku, kuma duk shekara sai wata 'yar'uwa da ta zo kwanan nan daga Jos ko Kaduna ko Gombe ta tare ni bayan sujada ta ce in faɗa mata yadda ake yi. Ga yadda nake faɗa musu.

Kafin ki sayi ko tsinke, ki zauna da maigida ku yanke magana ɗaya: me Baba Kirsimeti yake kawowa a gidanku? Wannan ita ce uwar sauran, kuma abin da kuka faɗa wa yaro a shekarar farko shi zai riƙe, da wuya ku sauya daga baya. Gidajen Turawa ma ba bakinsu ɗaya ba. A wasu gidaje komai daga gare shi ne, daga keke har safar ƙafa. A wasu kuma ana gaya wa yara cewa iyaye da kakanni ne suke saye su aika masa, shi aikinsa rabawa. Sai na uku, wanda nake bi kuma nake roƙon kowa ya bi: Baba Kirsimeti yana cika safa ɗaya kawai, wadda yaro yake ratayewa daren 24, da ƙananan abubuwa, duk wata kyauta mai nauyi kuwa tana ƙarƙashin bishiyar Kirsimeti da ake kafawa a cikin gida, ɗauke da sunan wanda ya saye ta da guminsa.

Dalilina na farko makaranta ce. A watan Janairu yara suna komawa aji su kwatanta abin da suka samu. An riga an gaya musu cewa yaran kirki yake kawo wa kaya. To, yaron da uwarsa take kwana tana kula da tsofaffi don ta biya haya, ya samu safar hannu da littafin zane, na gefensa ya ce shi an kawo masa sabuwar kwamfutar hannu, me zai fahimta? Zai ɗauka shi ne bai cancanta ba. Na ga wannan da idona a fuskar ɗan wata ƙawata shekarar da suka iso, kuma har yau abin yana ci mini rai. In da a ce kwamfutar “daga Mama da Baba” ce, yaro ya san gidaje ba ɗaya ba ne, wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Amma a ce wanda ba ya nuna bambanci shi ya nuna masa, wannan ciwo ne da ba dole a sa masa ba.

Dalili na biyu tarbiyyarmu ce. Mu an koya mana in an ba ka abu ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, gobe ka koma ka ce na gode da jiya. Idan kakarsu ta tara 'yan kuɗin fanshonta ta aiko da hula da riga ta hannun mai zuwa, ba zan goge sunanta in rubuta na wani ba. Ina so yarana su san hannun da ya ba su. Na uku kuma aljihu ne. Shekara ba ta zama ɗaya. Wata shekarar an samu ƙarin aiki, wata shekarar kuɗin sabunta takardun zama ya cinye komai. Safa kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ni fam 20 nake ware wa kowace safa, kuma ban taɓa ganin yaro ya raina ta ba.

Asalin al'adar ma yana goyon bayan wannan. Nikolas, wanda sunansa ya rikiɗa a bakin mutanen Holan ya zama Sinterklaas, daga nan Amurkawa suka mai da shi Santa Claus, wato Baba Kirsimeti, bishop ne na garin Myra a ƙarni na 4, garin da yau ake kira Demre a kudancin Turkiyya. Labarin da aka fi bayarwa a kansa na wani talaka ne mai 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi da abin yi musu kayan ɗaki. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan a wuyan uba. Nikolas ya bi dare ya jefa ƙullin zinariya ta taga, ya yi haka har sau uku, don kada mutumin ya san shi balle ya ji kunya. A wasu ruwayoyin zinariyar ta faɗa cikin safa da aka shanya kusa da murhu. Daga nan safar ta samo asali, kuma shi ya sa har yau ake sa lemo a can ƙasanta a madadin dunƙulen zinariya. Ina ba yarana wannan labari tun suna ƙanana, kowace ranar 6 ga Disamba, ranar tunawa da shi, saboda zai yi mini amfani ranar da tambaya mai wuya ta zo.

Wasiƙa da sayayya

A tsakiyar Nuwamba nake sa su rubuta wasiƙa. Dokar gidanmu abu uku, kuma kowanne ya zama wanda zai shiga safa. Wannan kaɗai ya raba ni da rigimar ɗan kwikwiyo da babur. Idan yaro yana son babban abu, ya faɗa wa iyayensa, mu duba hali. Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, tana karɓar waɗannan wasiƙu tun 1963 kuma tana aiko da amsa. Adireshin shi ne Santa's Grotto, Reindeerland, XM4 5HQ. Ki manna kan sarki a ambulan, ki rubuta cikakken sunan yaro da adireshinku a ciki, in ba haka ba amsa ba ta da inda za ta zo. Ranar rufe karɓa tana sauyawa kowace shekara, don haka ki duba tun Nuwamba. Masu zama a Kanada nasu lambar H0H 0H0 ce. Kafin ki rufe ambulan ki ɗauki hoton wasiƙar da waya, don ki tuna abin da aka roƙa, kuma don watarana za ki so ganin wannan rubutun.

Safar kanta ba sai mai tsada ba. Surukata ta ce a zamaninsu doguwar safar ulu ta babansu suke ratayewa. Abin da zan jaddada shi ne ki sayi iri ɗaya guda biyu ga kowane yaro, ki ɓoye ɗaya. Amfaninta yana zuwa. Kada ki sayi ƙatuwa mai kama da buhu, domin kowace shekara sai kin cika ta.

Wajen cikawa, daga ƙasa ake farawa. Tanjirin ɗaya a wurin yatsu, sai 'yar jakar cakulan da aka yi shi kamar sulalla aka naɗe da takarda mai ruwan zinariya. Waɗannan biyun ba sa sauyawa, ko yaro ya kai shekara 13 kamar babbar tawa. A kansu sai abin da ya roƙa a wasiƙa, guda ɗaya ko biyu, ba dole duka ukun ba. Sai abin amfani: buroshin haƙori, safar hannu, fensiran launi, ribom. Sai wani abu da zai ɗauke masa hankali na rabin awa, littafi ko 'yan katakon haɗawa, domin wannan rabin awar ita ce barcinki na asuba. A can sama ki bar wani abu mai laushi ya leƙo, 'yar tsana ko ɗan beyar wasa, shi ne zai fara gani cikin duhu. Ni ina ƙara dabino uku da alewar madara da nake yi da kaina, don safar ta yi ƙamshin gida.

A nan bari ma'aikaciyar jinya ta yi magana. Kada ki sa gyaɗa ko wani ɗan itace mai tauri ɗungurungum a safar yaron da bai kai shekara 5 ba, yana iya shaƙe shi, ga shi zai buɗe safar kina barci. Ki duba jikin kowane abin wasa, in kin ga hoton fuskar jariri da 0-3 an ja masa layi, ba na ƙaramin yaro ba ne, ko da na yayansa ne ki tuna cewa ɗaki ɗaya suke kwana. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batir mai kama da maɓallin riga, wanda yake cikin ƙananan fitilu da katunan da suke waƙa. Idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaronsa cikin 'yan awoyi. Duk abin da murfin batirinsa ba da kusa mai murɗi aka ɗaure ba, ba ya shiga gidana. In kuna da kare, cakulan da busasshen inabi guba ne gare shi, a ɗaga su sama.

Ɓuya tana da nata ilimin. Ƙarƙashin gado da cikin wadirof su ne wuraren da yaro zai fara dubawa. Ni akwatin tafiya nake amfani da shi, wanda muke zuwa gida da shi, in sa kwaɗo in ɗora a sama, ba mai kula shi. Takardar naɗi kuma, ki ware wa Baba Kirsimeti tasa daban, launi ɗaya, kada ki naɗe kyautar kowa da ita, kada a ga ragowarta a gidan. Ki sauya hannu wajen rubuta suna, ko ki sa wata abokiyar aiki ta rubuta miki. Yara suna da ido fiye da yadda muke zato. Wasu gidajen ba sa naɗe kayan safa sam, wannan ma daidai ne, kuma ya fi sauƙi. Batir, salatif da ƙaramin sukudireba kuwa ki tanada tun 23 ga wata. Wata doka ta shekarar 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa ranar Kirsimeti a Ingila da Wales, kuma ba abin da ya kai abin wasa marar batir sa yaro kuka.

Daren 24

A Manchesta rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 a wannan lokaci, kuma wannan taimako ne, domin dare yana yi wa yara tsawo su gaji da wuri. Muna fara zuwa sujadar yara ta yamma, inda ake ba kowane yaro lemo da aka ɗaura wa jan zare aka kafa kyandir a kai, alamar Almasihu hasken duniya. Ina so wannan ya riga komai shiga zuciyarsu a daren. Mu dawo, a ci abinci, a yi wanka, a sa kayan barci.

Sai faranti. Al'adar Ingila ita ce a ajiye masa wani ɗan gasasshen abin fulawa da aka cusa wa busasshen inabi da kayan ƙamshi, da ɗan kofin giya, da karas ɗaya na barewar da take jan amalankensa. Amurkawa biskit da madara suke ajiyewa. A gidanmu ba a shan giya, don haka madara ce, kuma tun shekarar da ɗana na tsakiya ya ce ai tsohon ya gaji da cin abu ɗaya a kowane gida, cincin muke zuba masa. Ki bar yara su jera farantin da kansu. Aikinki yana zuwa daga baya: a sha rabin madarar, a bar ɓurɓushin cincin, a gatsi karas a bar guntun. Kada ki manta da wannan ko kin gaji, domin farantin suke fara dubawa kafin bishiya.

Matsalar bututun hayaƙi da ta sa 'yata kuka, tsohon makulli ne ya warware ta. Yawancinmu a gidajen haya muke, hita ce take ɗumama ɗaki, ba murhu. Sai a samo wani makulli da ba ya buɗe komai, a ɗaura masa jan ƙyalle, yaro ya rataye shi a hannun ƙofa ta waje, a ce na Baba Kirsimeti ne. Ki tabbata ba makullin gidan na gaskiya ba ne. Da safe a tarar da shi kusa da faranti. Ana kuma sayar da wani haɗin hatsi da ƙyalƙyali wai abincin barewa, a watsa a tsakar gida. Kada ki watsa mai ƙyalƙyalin, roba ce, tsuntsaye da bushiya ne za su ci. Hatsi zalla ya isa.

In yara sun ƙi kwanciya, akwai shafin intanet na NORAD, rundunar tsaron sararin samaniyar Amurka da Kanada, da yake nuna taswirar inda amalanken ya kai a daren. Abin ya faro ne a 1955, lokacin da lambar wayar da wani kanti ya buga a jarida don yara su kira Santa ta kai su ofishin sojoji a Colorado Springs, Kanal Harry Shoup da yake bakin aiki ya ce a riƙa amsa wa yaran. Yarana suna zuba ido su ga ya tunkaro Afirka, da ya tunkaro sai in ce to, saura mu, kuma ba ya shiga gidan da ido biyu. Minti goma ya isa, in ya wuce haka hasken waya zai kore musu barci.

Inda ake rataye safa ma sai kin zaɓa. Amurkawa a bakin murhu suke ratayewa, Turawan Ingila da yawa a gindin gado. Maigidana ya ce ba abin da yake tunawa a yarintarsa kamar ya miƙe ƙafa da asuba ya ji nauyi da ƙarar takarda a kan bargo. Saboda wannan muka zaɓi gado. Amma cika safa a ɗaki mai duhu kusa da yaron da barcinsa bai yi nauyi ba wahala ce, a nan safa ta biyu take aiki. Tun da rana kin cika ta a ɗakinki kin ɓoye. Da dare ki shiga ba takalmi, ki ɗauke wadda ba komai, ki ajiye cikakkiyar, ki fita. Daƙiƙa biyar ya ishe ki. Ki jira aƙalla awa ɗaya bayan numfashinsu ya daidaita, kuma ki sa ƙararrawar waya, domin iyaye da yawa barci yake sace su a kujera. In yaro ya buɗe ido, ki ce kin zo duba bargonsa ne, ki gyara masa, ki dawo an jima. Yaron da yake tsoron a ce baƙo zai shigo ɗakinsa, kada ki matsa masa, a rataye tasa a hannun ƙofa ta waje ko a falo. Autata haka take, kuma na ga hankalinta a cikin wannan tsoron.

Wasu suna barbaɗa fulawa a kan takalmin maigida su yi sawu daga ƙofa zuwa bishiya. Na yi sau ɗaya na bari. Duk abin da kika ƙara bana, baɗi za a nema, kuma yawan shaida shi yake jawo yawan tambaya.

Da safe doka biyu ce. Safa, kowa yana iya buɗe tasa da zarar ƙarfe 6 ta yi, a kan gadonmu, mu duka. Kayan ƙarƙashin bishiya kuwa ba mai taɓawa sai an dawo daga coci. Sannan a zauna, auta ta riƙa ɗauko ɗaya-ɗaya, a karanta sunan mai bayarwa da ƙarfi, a buɗe kowa yana kallo, babbar ta rubuta wa ya ba wa me. Wannan tsarin ya cece ni a shekarun da aikin dare ya faɗo mini ranar 24, domin asibiti ba ya rufewa don Kirsimeti. Babansu ya yi musayar safa, suka buɗe da asuba suka turo mini hoto, manyan kaya kuma suka jira ni. Wadda take ita kaɗai da yara kuma tana da aiki ranar, tana iya sa wa a amsar wasiƙa cewa gidajen ma'aikatan asibiti ana zuwa musu kwana ɗaya kafin sauran. Yara suna karɓar wannan da alfahari.

Idan maƙwabtanku 'yan wata ƙasa ne, yaro zai zo da tambayar me ya sa nasu ya bambanta. A Holan daren 5 ga Disamba ne babban daren kyauta, kuma takalmi yara suke ajiyewa da karas na doki. A Jamus da Folan da yammacin 24 ake buɗe kaya. A Sifaniya sai 6 ga Janairu, kuma masanan nan da suka kai wa jariri Yesu kyautai ne suke kawowa. Amsa ɗaya nake bayarwa, kowane gida da al'adarsa. Ita ce kuma amsar da nake bayarwa game da abokansu Musulmi da ba sa yin wannan, in tuna musu cewa su ma suna da kayan Sallah da barka da Sallah da mu ba mu da su.

Akwai abin da ban yarda a faɗa a gidana ba: “Baba Kirsimeti yana ganinka, in ka yi rashin ji gawayi zai kawo maka.” Turawa suna faɗin haka da wasa tun daga Nuwamba. Ni mai ganin kowa a ɓoye Allah ne kaɗai, ba zan ba wani wannan matsayi a zuciyar yaro ba. Kuma kyautar Nikolas ba ladan hali ba ce, 'yan matan nan uku ba jarrabawa suka ci ba, bukata ce da su. In yaro ya yi laifi a hore shi a kan laifinsa, a bar safa a gefe. Na san akwai 'yan'uwa a coci da suke ganin duk abin ƙarya ne, ba sa yi sam, kuma ina girmama su. Iyakar da na sa wa kaina ita ce ba na rantsuwa a kai, ba na haɗa shi da addu'a, kuma ranar da yaro ya dube ni ido cikin ido ya tambaya da gaske, gaskiya zan faɗa.

Ranar ta zo wa babbar tana da shekara 8, muna cikin mota mu biyu. Ta ce, “Mama, ku ne, ko?” Na ce mata, “Ke me kika gani?” Ta ce alewar madarar da take cikin safa ɗanɗanonta irin tawa ce sak. Na samu wuri na tsayar da mota, na ce e, ni da babanki ne. Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, na bar ta ta yi shirunta. Sannan na tuna mata da mutumin Myra da tagar talakan nan, na ce abin da muke yi ke nan, muna ba da abu a ɓoye ba tare da jiran godiya ba, kuma daga yau ta shiga cikin masu yi. Na ba ta fam 5 ta zaɓi abu ɗaya na safar ƙaninta, na ce kada ta faɗa wa 'yan ajinsu, wannan maganar iyayensu ce. Har yanzu ita take gatsar karas. Tata safar kuma ba a daina cikawa ba.

Bayan an buɗe kaya an ci abinci, sai takardar nan da babbar ta rubuta ta yi aikinta. Mu kira Wusasa ta WhatsApp kafin duhu ya yi can, domin a Disamba suna gabanmu da awa ɗaya. Kowane yaro ya sa abin da aka aiko masa a jiki, ya tsaya gaban waya ya ce, “Kaka, mun ga saƙo, mun gode, Allah ya saka da alheri,” ita kuma ta ce a juya ta ga bayan rigar. Surukata tana zaune a gefe da hular takarda a kanta tana jiran nata layin. A farkon Janairu nake wanke safa shida, in naɗe su tare da makullin mai jan ƙyalle da ragowar takardar naɗi, in sa a akwatin tafiya, in mayar da kwaɗon.